A karanta allo kafin a wanke shi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina gaida ma'aikatanka da masu karatu baki ɗaya. Ni mutumin Adar ne, haifaffen Tawa, mazaunin Yamai. Shekara 19 ke nan ina gyaran injinan sanyi. Da firigo da kilim na gidaje na fara, amma yanzu yawancin aikina a kan manyan injinan sanyaya ruwa ne na masana'antu da otel-otel, waɗanda muke ce wa gurup furwa, ƴan uwanmu na ƙetaren iyaka su ce cila. Hannuna ya fi sabawa da ƙarfe da waya bisa ga alƙalami, don haka a yi mini afuwa in magana ta karkace. Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne bazara ta ƙarato, kuma duk lokacin da ta ƙarato sai in tuna wani yaro da aka kora daga aiki a gabana kan laifin da ba nasa ba.

Ga wanda bai san injin ba, aikinsa ya karɓi ruwa mai ɗumi ya mai da shi mai sanyi, famfo ya kai ruwan inda ake bukata, ya dawo, a sake. A otel ruwan kan fita da digiri 7 ya dawo da 12. A masana'antar roba kuwa, shi ke sanyaya ƙarfen da ake ɗura narkakkiyar roba ciki, don buta ko bokiti ya tsaya da siffarsa. Zafin da aka zare daga ruwan ba ɓacewa yake yi ba. Gas ne ke ɗaukarsa, kompresa ya matse gas ɗin ya tura shi cikin bututai masu siraran ganyayen alminiyam, kamar lagireton mota amma ƙato, fankoki su ja iska ta tsakaninsu ta tafi da zafin. Wannan sashen shi ne kondansa. A jikin injin kuma akwai ɗan allo da maɓallai, kuma duk abin da yake ji a jikinsa nan yake rubutawa.

An kira ni bayan asuba, cikin kwanakin ƙarshe na azumin 2024, makon nan da zafi ya yi wa Sahel taron dangi har ma'auni ya nuna digiri 48.5 a Kayes ta Mali. Wata masana'antar roba ce. Ba zan faɗi sunanta ba, ba tozarta kowa na zo yi ba. Na tarar da Alhaji mai wurin yana faɗa, shef ɗin ma'aikata na taya shi, yaron da ya kwana aiki na tsugune jikin bango ya haɗa kai da gwiwa. Da na auna wayoyin kompresa na ga sun haɗe da jikin ƙarfe. Na ɗan sassauta bakin gas na sunsuna, sai ƙauri. Kompresa ya ƙone, babu batun tada shi.

Abin da masu injinan da yawa ba su sani ba shi ne injin na da littafin tarihinsa. Duk kukan da ya yi yana ajiyewa a jere, sabo a sama, tsoho a ƙasa. Na shiga na duba. A wannan daren kaɗai, saƙo iri ɗaya sau tara: HP, wato matsin gas ya hau ya wuce iyaka. Na ci gaba da sauka, sai ga wani saƙon da ya daɗe a zaune, mai cewa fanka ta biyu ta tsaya. Babu wanda ya kula shi, tun da injin bai daina aiki ba.

Na tsuguna kusa da yaron na ce, "Ɗana, da ya yi kuka me ka yi?"

Ya ce, "Baba, abin da aka nuna mini na yi. Shef ya ce in ya yi ƙara in buɗe murfi in danna jan maɓallin nan, in dawo in danna na allo, in jira ya tashi."

"Ka karanta abin da ya rubuta?"

"Na ga rubutu, Baba, amma Turancin Ingilishi ne. Ni a aji shida na tsaya, shi ma Faransanci aka koya mana."

"Me ya hana ka kira wani?"

"An ce kada a tada kowa da dare sai in gobara ce. Kuma ana jiran kayan da za a kai kasuwa kafin Salla."

Na hau tsani na leƙa saman injin, can na ga sauran labarin. Alhaji, don tausayin injinsa kada rana ta dake shi, ya sa an kafa masa rumfar kwano, tsakaninta da fankokin bai fi kamu biyu ba. Su kuwa fankokin sama suke hura iska. Iska mai zafi ta tashi, ta bugi kwano, ta gangaro gefe, injin ya sake shaƙar ta. Ganyayen kondansa sun toshe da ƙurar hunturu har ta zama kamar yaɓe. Fanka ta biyu kuwa baƙar leda ce ta nannaɗe ta, ledar nan da doka ta hana tun 2014 amma har gobe take tashi sama a Yamai kamar shirwa.

Bari in ɗan tsaya a nan, don lissafin ba wuya gare shi. Yawancin injinan da ake sayo mana, ƙarfin da aka rubuta a jikinsu an auna shi ne da iskar waje mai digiri 35. Mu kuwa a Afrilu da Mayu digiri 41 abin kullum ne da rana, wani lokaci ya taɓa 45. Kafin gas ya iya sakin zafinsa dole ya fi iskar da ke busa shi zafi, da kamar digiri 12 zuwa 15 in kondansa na da tsabta. Ke nan ran da iska ta kai 45, gas ɗin na wajen 60. Injin Alhaji R-410A yake sha, kuma wannan gas ɗin a digiri 60 matsinsa ya kusa bar 38, bar kuwa shi ne awon matsi. Na'urar tsaronsa tana yanke wuta a wajen bar 42, abin da ya yi daidai da kamar digiri 65. Ka ga ko injin lafiyarsa lau, a tsakiyar bazara tazarar digiri 5 kawai ta rage masa. Ƙura ta ci rabonta a cikin tazarar nan, matacciyar fanka ta ci nata, rumfa ta cinye saura, har dare ma bai kawo masa sauƙi ba. Sau tara yana tsayawa don ya ceci ransa, sau tara ana tada shi da zafinsa. Kowane tashi kompresa kan ja wuta ninki biyar ko shida na abin da yake ja in yana tafiya, man kompresa yana ƙara tsinkewa, rufin wayoyin ciki yana ƙara gasuwa. A na goman bai samu bakin yin kuka ba.

Na sauko na ce, "Alhaji, yaron nan ba shi ya kashe injin ba."

Ya dube ni ya ce, "To, ni na kashe shi ke nan?"

Na yi shiru, don ina son a biya ni kuɗin aikina. Wannan shirun ma yana cikin abin da ya sa nake rubutu yau. Aka sallami yaron kafin azahar, an bar jaki ana dukan taiki. Sabon kompresa sai da aka yi wajen wata biyu ana jira, ga iyakar Benin a rufe, kaya na zagayowa ta Lome da Burkina. Kuɗinsa da asarar tsayawar aiki sun isa a biya yaron albashin shekaru.

Na yi makarantar allo a Tawa kafin a sa ni lakkol. Duk wanda ya yi ta ya san almajiri ba ya wanke allonsa sai ya biya wa malam karatun, malam ya ce ya zauna. Wanda ya wanke kafin nan ya yi asarar karatu, ga kuma bulala. To maɓallin riset, wanda yaron nan ya yi ta dannawa, wanke allo ne. Bai taɓa gyara komai ba tun da aka ƙera shi. Aikinsa ya share rubutu ya ba inji izinin sake gwadawa. Amma a yawancin wuraren da nake shiga, shi ne abu na farko da ake koya wa sabon ma'aikaci, sau da yawa ma shi kaɗai ne.

Kuma ba duk rubutun allo ne kuka ba. Wani labari ne kawai injin ke bayarwa: ina tafiya, ruwa ya yi sanyi na huta, ina jira. Wani gargaɗi ne, aiki na ci gaba amma ga abin da ke damuna, irin na fankar Alhaji. Wani kuma tsayawa ce, ba zai sake motsi ba sai mutum ya zo. Rashin rarrabe su kan sa a yi sakaci inda ya kamata a tashi tsaye, a tada hankali inda babu komai. Akwai daren da mai kula da wani otel ya tashe ni ƙarfe 2, wai wuta ta dawo inji ya ƙi tashi, ga wasu lambobi na ta raguwa a allo, yana tsoron abin zai fashe. Na ce ya ci gaba da karanto mini su. Da suka kai sifiri injin ya tashi da kansa, muka yi ta dariya a waya. Agogon hutu ne, mintoci kaɗan da ake tilasta wa kompresa tsakanin tsayawa da tashi don matsi ya daidaita kuma motar lantarkin da ke juya shi ta huce. Abin dariya ne a ranar, amma na san masu kashe babban makunni su kunna wai don su wuce wannan jiran, na kuma san mai gyaran da ya rage lokacin don maigida ya ce masa gwani.

Maganar wuta kuwa, mu a Nijar mun sha karatunta. Daga farkon Agusta 2023, da Najeriya ta yanke layin da ke kawo mana wajen kashi 70 cikin 100 na wutar da muke sha, har zuwa Maris 2024 da aka maido shi, Yamai ta koma kan tashoshinta na gida irin na Gorou Banda, kuma kusan duk masana'anta sai da ta nemo gurup nata na wuta, wato janareta. A watannin nan na ga saƙonnin wuta fiye da duk shekarun baya a haɗe. Manyan injinan nan layi uku suke sha, bolt 380 zuwa 400, kuma layukan na da jeri. In mai haɗa gurup ya musanya waya biyu, duk motocin lantarkin injin sai su juya baibai. Fanka ta hura iska ta inda ya kamata ta ja, famfo ya yi ta juyi ruwa kaɗan ke tafiya, kompresa ya yi ƙara mara daɗi ba ya matsa komai. Injin da ke da na'urar gadin layi zai ƙi tashi ya rubuta cewa jeri ya juye. Gyaran na minti biyar ne, a kashe wuta a mai da wayoyi biyu wurinsu. Amma na je wurin da aka kwana uku ana zagin injin, ana cewa ba ya son wutar gurup, kamar wani mai zaɓen abinci. Haka in layi ɗaya ya faɗi, ko bambancin ƙarfi tsakanin layukan ya haura kashi 2 cikin 100, ko gurup ya yi ƙarami ya durƙusa duk lokacin da kompresa ya tashi. Duk waɗannan injin kan faɗe su da sunansu, kuma babu ɗaya a ciki da riset ke magani.

Akwai abu biyu da ɗaukewar wuta ke bari a baya, ba a cika lura da su ba. Na farko, a gindin kompresa akwai ɗan abin ɗumama mai. In inji ya daɗe babu wuta, gas kan narke cikin man, in aka tada shi haka man ya yi kumfa ya bar ƙarfe na cin ƙarfe. Shi ya sa masu ƙera injinan ke cewa bayan doguwar tsayawa a ba shi wuta awa 12 zuwa 24 kafin a tayar. Na biyu agogon allo. Ƴar batirinsa in ta mutu, duk ɗaukewar wuta sai kwanan wata ya koma baya, ka buɗe tarihi ka ga kuka hamsin duk wai a rana ɗaya, a shekarar da ko sayen injin ba a yi ba. Alhali sanin lokaci rabin gyara ne. Kukan da ke zuwa kullum tsakanin azahar da la'asar zafi ne. Wanda ke zuwa daidai lokacin da ake komawa kan gurup wuta ce. Wanda ke zuwa da asubahin hunturu, lokacin da aiki ya yi sauƙi, wani labari ne daban.

Yanzu bari in juyo kan abokan sana'ata, don kada a ce na ga ƙwayar idon wasu na manta da tawa. Akwai saƙon da Faransanci ke rubutawa BP, Ingilishi ya rubuta LP, wato matsin gas ya faɗi ƙasa. Da yawanmu da mun gan shi sai mu ce gas ya ƙare, a kawo kwalba. Gas ba man fetur ba ne, inji ba ya cinye shi. In ya ragu to akwai inda yake yoyo, kuma wanda ya ƙara bai nemi ramin ba ya sayar wa maigida iska ne, zai dawo bayan wata biyu ya sake sayar masa. Sau da yawa ma gas ɗin na nan cif. Ruwa ne ya yi ƙaranci, ko matatar gas ta toshe, ko bawul ɗin da ke sakin gas ya maƙale. In ka ƙara gas a kan wannan, ka sayo HP da kuɗinka, za ka gan shi ranar da zafi ya tashi. Ga kuma masu zuba duk gas ɗin da suka samu. R-22 na tsofaffin injina yana kan hanyar ƙarewa, yarjejeniyar Montreal ta 1987 da gyare-gyarenta sun sa wa ƙasashe irin namu shekarar 2030, don haka yana ƙara tsada. Amma tsadarsa ba ta halatta a ɗura R-410A a gurbinsa ba, matsin wannan ya fi na wancan da fiye da rabi, mansu ma ba ɗaya ba ne.

Mafi muni cikin ayyukanmu shi ne abin da nake kira ɗaure wa inji baki. A bututun ruwa akwai ƴar na'urar da ke shaida wa allo ruwa na gudu. In ba ya gudu, inji ba zai tashi ba. Dalilan ba su da yawa: famfo ya tsaya, an manta bawul a rufe, iska ta shiga bututu, ko rariyar da ke gaban famfo ta cika da yashi da tsatsa. Mai gaggawa sai ya ɗauki guntun waya ya haɗa bakin na'urar biyu, allo ya ga kamar ruwa na gudu har abada. Inji ya tashi, maigida ya yi murna, an sallami mai gyara da godiya. Ran da famfo ya tsaya da gaske, gas na ci gaba da sanyaya ruwan da ke tsaye. Akwai wani tsaron da ke yankewa in ruwa ya sauko wajen digiri 3, amma ma'auninsa a bakin fita yake, in ruwa ba ya motsi sanyin cikin bai isa gare shi da wuri ba. Ruwa in ya zama ƙanƙara yana kumbura da kusan kashi ɗaya cikin goma, ya tsaga ƙarfen da ya raba shi da gas, ruwa ya shiga kompresa. Na taɓa buɗe akwatin wani inji na ƙirga irin wannan guntun waya huɗu. Allonsa fes, ba kuka ko ɗaya, shi kuwa a mace.

Ban ce allo ba ya kuskure ba. Shi ma abin da ƴan ma'aunansa suka gaya masa yake faɗa. In ɓera ya ci wayar ma'auni, ko danshi ya shige ta, sai ka ga allo na cewa ruwa ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri alhali ka sa hannu ka ji shi da ɗumi. Tsaka ma kan shige akwatin wuta ta kwanta kan allon lantarki ta haɗa abin da bai kamata ya haɗu ba. Gwajin ma'auni ba ya bukatar kayan Turai. A zaro shi a tsoma cikin kofin ruwa da aka cika da galas, wato ƙanƙara, in allo ya nuna kusan sifiri gaskiya yake faɗa. Da yawansu kuma in ka auna su a digiri 25 za ka samu om 10,000, om kuwa shi ne awon turjiyar da abu ke yi wa wuta. Wanda ya yi ƙarya a canza shi. Ba a ɗaure masa baki.

Wata al'adar bazara kuma, a jawo tiyo a bar ruwa na zuba kan kondansa wuni guda. Yana sauko da matsi, ban musa ba, ni ma na yi a ranar da babu dabara. Amma ruwan rijiyar burtsatse kan bar farin gishiri a ganyayen, shekara ta zagayo sun toshe da abin da ko buroshi ba ya cirewa. Wanki na gaskiya a kashe wuta, a wanke daga ciki zuwa waje da ruwa mara ƙarfi, ba da injin wankin mota ba, wanda ke kwantar da ganyayen kamar an bi ta kan gero. A ƙarshen hunturu a yi babba, sannan a riƙa dubawa duk mako har ruwan sama ya sauka.

To, Malam Edita, ga inda na dosa. A watan Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Na yi murna kamar kowa. Amma ni wurin da nake son in ga Hausa ba kan minbarin taro ba ne kawai, a gaban injin nan ne ƙarfe 3 na dare, inda babu injiniya, babu shef, sai yaro ɗaya da fitilar wayarsa. Allunan nan da Ingilishi suke zuwa, ko Faransanci, wasu da Sinanci, wasu ma lamba ce zalla, harafi ɗaya da adadi biyu, fassararta na cikin littafin da aka kulle a ofis ko ya ɓace tun ranar da aka sauke kwantena. Lambar da ke nufin abu kaza a injin Carrier ba ita ke nufinsa a Trane ko York ko Daikin ba, kai ko a kamfani ɗaya tana bambanta daga samfuri zuwa samfuri. Ba na sa ran masu ƙera su za su sa mana Hausa gobe. Amma takarda ɗaya ba ta gagare mu ba.

Tun bayan abin da ya faru, duk injin da na karɓi kulawarsa sai na zauna da littafinsa na fitar da saƙonni goma ko goma sha biyu da aka fi gani. In kwafe kowanne yadda yake fitowa a allo, harafi da harafi, don ko wanda ba ya karatu ya iya gwada siffa da siffa. A gabansa in rubuta ma'anarsa da Hausa da abin da za a yi. Misali a gaban HP na rubuta: matsi ya hau, kada ka danna komai, ɗauki hoton allo, duba ko duk fankoki na juyawa, duba ko wani abu ya rufe ganyaye, kira ni. A gaban agogon hutu: ba lalacewa ba ce, jira ya ƙirga. A can ƙasa da manyan baƙaƙe: ana danna riset sau ɗaya, bayan an ga dalili an kawar da shi, in kukan ya dawo a bar inji a kashe. In sa takardar cikin leda in manna a ƙofar akwatin. Wani tsohon mai gadi ya ce shi boko bai shige shi ba, na mayar masa da ajami, ya karanta tiryan-tiryan. Wani abokin aikina ɗan Doso ya yi ta Zabarmanci, don rabin yaran da ke kwana da injinan Yamai shi ne harshensu. Sharaɗin da nake gindaya wa masu wurin ɗaya ne: yaron dare na da izinin tsayar da aiki ya kira, kuma ba za a zage shi ba ko da kiran ya zama na banza. Wasu sun yarda. Wani ya ce ina son in lalata masa ma'aikata.

Inda na ci tura shi ne kalmomi. Ni na rubuta matsi, wani a Maraɗi yana cewa ƙarfin gas, wani ya bar shi presiyo. Na raba saƙonni kashi uku na kira su labari, gargaɗi da tsayawa, ban sani ba ko wani na da waɗanda suka fi su zama. In kowane mai gyara ya ƙirƙiro nasa, yaron da ya bar wannan masana'anta ya koma waccan zai sake zama baƙo. Roƙona ga jaridarku, ku ba mu ɗan fili, ko rabin shafi ne a wata, masu sanyi da masu lantarki da makanikai mu riƙa kawo kalmomin da muke faɗa a bakin aiki, malaman harshe na Jami'ar Abdu Mumuni su taya mu tacewa, cibiyoyin koyon sana'a su ɗauka su koyar. Masu shigo da injinan kuma, wanda ya iya sayar da abin miliyoyin sefa ya iya haɗawa da shafi ɗaya cikin harshen wanda zai kwana da shi.

Yaron nan yanzu tare muke aiki. Na neme shi bayan Salla na same shi yana tura baro a Katako. Watan jiya na bar shi ya kwana a wata masana'anta da muke lura da injinta, wajen ƙarfe 2 sai ga hoto ta WhatsApp, da muryarsa a biye: "Baba, ya rubuta ruwa ba ya gudu. Ban danna ba. Famfo na juyawa, bawul a buɗe suke, ina zaton rariya ce. In kashe in buɗe ta, ko in jira ka?" Na ce ya kashe, ya rufe bawul na gaba da na baya, ya buɗe. Ya turo hoto na biyu, yashi cike da tafin hannu da guntun tsumma da wani ya manta a bututu. Kafin kiran sallar farko ruwa ya koma digiri 10.

Takardun da na ambata suna nan wurina, ta boko da ta ajami da ta Zabarmanci. In kuna so ku buga su, ku sa wakilinku na Yamai ya neme ni ta adireshin da na haɗo da wannan wasiƙa, zan kawo masa har ofis.

Wassalam.

Naku,
Mai gyaran injinan sanyi,
Unguwar Wadata, Yamai